Kasuwar Mardilaat ta Istoniya: Al'adar Gaskiya ce ko Baje Kolin 'Yan Yawon Buɗe Ido?

Tambaya: Wata 'yar'uwa da take karatu a Helsinki, wadda take taɓa saƙa da ɗinki tun tana gida, ta rubuto cewa an ba ta labarin wata kasuwar kayan hannu da take ci a Talin, babban birnin Istoniya, a watan Nuwamba. Tana so ta san ko abin da ake bajewa a can al'adar mutanen ƙasar ce ta haƙiƙa ko kuwa shiri ne don baƙi, da abin da ya kamata ta fi duba, da kuma abincin da Musulma za ta iya ci ba tare da kokwanto ba.

Amsa: Malama, kasuwar da aka ba ki labari ita ce Mardilaat, kuma ta cancanci ki tsallaka teku dominta, tun da yake tsakanin Helsinki da Talin tafiyar kimanin sa'a 2 ce a jirgin ruwa. Ƙungiyar masu sana'ar hannu da fasahar gargajiya ta ƙasar, Eesti Rahvakunsti ja Käsitöö Liit, ita take shirya ta duk shekara, tsawon kwana 3 zuwa 4 a kusa da 10 ga Nuwamba. Shekaru da dama ana yin ta a babban zauren nan na unguwar Haabersti da aka daɗe ana kira Saku Suurhall, amma ki duba sanarwar masu shiryawa kafin ki tashi. Tsarin kasuwar kansa na zamani ne, da tikitin shiga da rumfuna a jere da dandalin kiɗa da azuzuwan koyon sana'a, to amma galibin masu cika zauren 'yan ƙasar ne, masu neman zaren ulu da kayan aiki da kyautar Kirsimeti, kuma mai rumfa sau da yawa ita ce wadda ta yi kayan da hannunta. Wannan ne ya sa nake fifita ta a kan shagunan tsohon gari, inda za ki tarar da 'yartsanar katako mai shiga cikin juna, wadda ta Rasha ce, da duwatsun ambar waɗanda akasari daga kudancin Tekun Baltik ake kawo su, ana sayar wa baƙi a matsayin tsarabar Istoniya.

Lokacin da ake cin kasuwar yana da dalili. A kalandar manoman Istoniya, ranar Mardipäev, wato 10 ga Nuwamba, wadda aka raɗa wa sunan Waliyyi Martin na Kiristoci, ita ce iyakar aikin gona. An gama girbi, an shigar da dabbobi garke, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 4 na yamma, sai aiki ya koma cikin ɗaki, mata su kama kaɗi da saƙa, maza su kama sassaƙa da gyaran kayan noma da na su. A daren jajibirin ranar matasa suna yin shigar baƙaƙen kaya, su juya rigar fata ciki waje, su shafa gawayi a fuska, su manna gemu, su bi gida gida a ƙarƙashin jagorancin wanda suke kira uban tawaga. Suna tsayawa a bakin ƙofa suna waƙar neman a buɗe musu saboda ƙafafunsu sun daskare, in an buɗe su watsa hatsi a ƙasa don fatan albarkar gona, su yi rawa da kacici-kacici, su gwada karatun yaran gidan, a sallame su da abinci. Wanda ya san tashe a watan azumi zai gane yanayin nan take, ko da yake asali da manufa sun bambanta. Bayan mako biyu, a ranar 25 ga Nuwamba, sai Kadripäev, inda masu yawon suke sa fararen kayan mata kuma fatan nasu yake komawa kan tumaki da shanu. A kasuwar za ki ga irin waɗannan tawagogi suna ratsa tsakanin rumfuna, kuma a garuruwa da ƙauyuka yara suna yi har yau.

Babban abin da nake so ki riƙe shi ne cewa kayan gargajiyar Istoniya kowanne yana da garinsu. Shekaru aru-aru manoman ƙasar suna ɗaure da gonakin iyayengijinsu Jamusawa, ba su da ikon ƙaura, kuma ba a soke wannan bauta ba sai a 1816 a arewacin ƙasar da 1819 a kudancinta. Rayuwar mutum ta ƙare ne a cikin gundumar cocinsa, wadda suke kira kihelkond, kuma akwai irinta fiye da 100. A can ake aure, a can ake haɗuwa ranar Lahadi, a can yarinya take ganin siket ɗin maƙwabciyarta ta kwaikwaya. Saboda haka jerin launuka a siket mai ratsi-ratsi, da zanen ɗamara, da adon safar hannu, duk sun bi gunduma. Idan kika ɗauki abu a rumfa kika tambayi daga wace gunduma zanen ya fito, mai sana'a ta gaskiya za ta ba ki amsa ba tare da jinkiri ba, wani lokaci har ta faɗa miki tsohon kayan da ta kwafa a gidan tarihi. Wadda ta ce miki zanen Istoniya ne kawai, to ko dai sabuwar ƙirƙira ce, wanda ba laifi ba ne idan an faɗa, ko kuma ba ta san abin da take sayarwa ba.

Tun da kina saƙa, ki fara da safar hannu. A ƙasar da sanyi yake cin rabin shekara, safa kayan larura ce, amma ta wuce nan ta shiga harkar aure da mutunci. A da, idan masu neman aure suka kai kwalbar abin sha gidan su yarinya, mayar da kwalbar da safar hannu ɗaure a jikinta alama ce ta amincewa. Amarya kuma tana shafe shekaru tana tara safar hannu da ta ƙafa da ɗamaru a cikin akwati, waɗanda za ta raba wa dangin miji a ranar biki, kuma a kan su ake auna ƙwazonta da tarbiyyar gidansu. Ki juya safar ciki waje ki duba. A saƙa mai launi biyu, zaren da ba a aiki da shi yana bin baya, kuma a aikin ƙwararriya za ki ga yana kwance gajere gajere, bai yi sako-sako ba, bai kuma tattare saƙar ba, ta yadda yatsa ba zai maƙale a ciki ba. Za ki yawaita ganin tauraro mai tsini 8, wanda magabatansu suka ɗauka kariya ne. Ɗamarar mata kuwa ana saƙa ta da zaren lilin a ƙasa da ulu mai launi a sama, ana tsintar zaren ado ɗaya bayan ɗaya da wani katako mai kamar wuƙa, kuma tsawonta yakan kai mita 2 zuwa 3 domin ana naɗa ta a ƙugu sau da yawa.

Abin da ya fi cancantar ki ɓata lokaci a kansa, a ganina, shi ne mayafin Haapsalu. Haapsalu ƙaramin gari ne a gaɓar yamma, wanda ya yi suna bayan wani likita mai suna Carl Abraham Hunnius ya buɗe wurin jinya da taɓon teku a 1825, har manyan masu kuɗi da 'yan gidan sarautar Rasha suka riƙa zuwa hutun bazara. Matan garin sun ga kasuwa, sai suka riƙa saƙa mayafai marasa nauyi da siririn farin ulu a lokacin sanyi, su sayar wa baƙin idan bazara ta zo. Kin ga ke nan wannan sana'a tun farkonta don baƙi aka yi ta, kuma hakan bai rage mata daraja ba, domin shekara kusan 200 ana gadon ta daga uwa zuwa 'ya, ta samu ƙa'idojinta masu tsauri. Ana saƙa tsakiyar mayafin daban, a saƙa bakin daban, sannan a haɗa su da ɗinkin hannu, a wanke, a miƙe shi a kan firam ɗin katako har ya bushe, a nan ne ramukan adon suke buɗewa zanen ya fito. Alamar da aka fi saninsa da ita wani ɗan ƙulli ne mai suna nupp. Mai saƙa tana fitar da madauki 5 ko 7 ko 9 daga ido guda, ta bar su da sassauci, sannan a layin dawowa ta haɗe su gaba ɗaya su zama ƙwaya ɗaya mai sulɓi. Na'ura ba ta iya wannan ƙulli yadda hannu yake yi, don haka ya zama shaidar aikin hannu, kuma ana cewa tun da a kan nauyi ake sayar da mayafan a da, yawan ƙullin yana ƙara wa mai saƙa kuɗi. Zanen da ya fi shahara na wani farin fure ne mai 'yan ƙararrawa a jere, inda ƙullin yake wakiltar furannin. Mayafi mai kyau yana ratsa zoben hannu ya fita ta ɗaya gefen. Idan kika samu tsohuwa tana saƙawa a rumfa, ki tsaya ki kalli yadda take sassauta zaren a daidai ƙullin, domin a nan masu koyo suke faɗuwa, su ɗaure shi tamau har tsinken saƙa ya kasa shiga a layin dawowa.

Wurare uku ne kayansu suka fi ɗaukar ido. Tsibirin Kihnu yana da mutane 'yan ɗaruruwa kawai, maza suna teku wajen kamun kifi, mata suna riƙe da gona da waƙa da al'ada, kuma UNESCO ta ayyana al'adun tsibirin cikin gadon ɗan Adam a 2003. A can siket ɗin ulu mai ratsi, kört, tufar yau da kullum ce har yanzu ga mata da yawa, kuma launinsa yana faɗin halin da mai shi take ciki: ja na farin ciki ne, mai makoki tana fara da baƙi, ta koma shuɗi, sannan jan ya riƙa dawowa kaɗan kaɗan har ta fita takaba ko juyayin rashi. Matar aure tana ɗaura ƙyallen gaba a kan siket ɗin, budurwa ba ta ɗaurawa. Tsibirin Muhu kuma ya yi fice da surfanin furanni da launuka masu ƙarfi, ruwan lemo da ruwan hoda da rawaya, a kan barguna da takalman ƙyalle. Waɗannan launuka sun zo ne da rinin kanti a ƙarshen ƙarni na 19, kafin nan da saiwoyi da ganyaye da shunin da 'yan kasuwa suke kawowa ake rini. Sai mutanen Seto na kudu maso gabas, a bakin iyakar Rasha, mabiya cocin Otodoks, waɗanda matansu suke sa wani babban ƙwaryar azurfa a ƙirji da sarƙoƙi da tsabobi masu nauyin kilo da dama, har ana cewa ana jin tahowar matar Seto kafin a gan ta. Waƙarsu ta amshi, leelo, ta shiga jerin UNESCO a 2009.

Kayan katako ba sai na tsawaita ba. Ki nemi na itacen kadakas, wani ɗan itace mai ƙamshi da ya cika tsibiran Saaremaa da Muhu, wanda ake yin wuƙar shafa man shanu da matashin tukunya da shi, kuma idan aka ɗora tukunya mai zafi a kai ƙamshin yana tashi. Akwai maƙera, da masu jima, da masu saƙa kwando, da masu sassaƙa farin dutsen Saaremaa.

Tambayarki ta ko al'adar gaskiya ce tana buƙatar a faɗi yadda aka yi abin ya rayu, domin a yawancin ƙasar mutane sun daina sa kayan gargajiya tun rabin ƙarshe na ƙarni na 19, sai a tsibirai da yankin Seto. Abin da ya cece su shi ne tattarawa da rubutawa. A 1888 wani limamin coci kuma masanin harshe, Jakob Hurt, ya yi kira ga jama'a su rubuta waƙoƙi da tatsuniyoyi da al'adun ƙauyukansu su aiko masa, mutane sama da 1,000 suka amsa. Bayan rasuwarsa aka kafa Gidan Tarihin Ƙasa a Tartu a 1909, ɗalibai suka bi ƙauyuka suna karɓo tsofaffin tufafi da safa da kayan aiki, ana rubuta gundumar da kowanne ya fito. Bikin waƙa na ƙasa, wanda aka fara a Tartu a 1869 kuma ake yi duk shekara 5, ya ba kayan gargajiya wurin sawa, domin dubban mawaƙa da masu rawa suna fitowa cikin tufafin gundumominsu. Ko a zamanin Tarayyar Sobiyat an kafa wata ƙungiyar masu sana'a mai suna UKU a 1966, wadda ta riƙa ba mata aiki a gidajensu bisa samfurin gidan tarihi. A yau Kwalejin Al'adu ta Viljandi, reshen Jami'ar Tartu, tana ba da digiri a kan saƙar gargajiya da ƙira da ginin katako. Saboda haka yawancin abin da za ki gani farfaɗowa ce bisa ilimi, ban da 'yan wurare irin Kihnu inda zaren bai taɓa tsinkewa ba. Ni ina ganin wannan abin girmamawa ne, domin al'ummar da ba ta wuce mutum miliyan 1.3 ba ta yanke shawarar cewa zanen safar kakanninta ya cancanci a adana shi, a koyar da shi a jami'a, a kuma biya mai yin sa kuɗin da zai riƙe ta. Hatsarin da nake gani shi ne kayan su daskare a kan samfurin gidan tarihi, kowa yana tsoron sauya ratsi ɗaya, alhali matan da suka ƙirƙire su ba su ji tsoron ɗaukar sabon rini ba da ya zo musu.

Game da saye, ƙungiyar tana da tambarin inganci mai rubutun Tunnustatud Eesti Käsitöö, wanda take ba masu sana'ar da aka tantance aikinsu. Farashi zai yi miki tsada, kuma ba a cika ciniki ba, kuɗin da aka rubuta shi ne kuɗin. Ki auna da kanki kwana nawa safar hannu mai siririn zare za ta ɗauke ki, sai ki ga cewa mai arha sosai ita ce abar tuhuma. Idan kuɗin ɗalibi ne a hannunki, ki sayi zaren ulu na tumakin ƙasar da littafin zane, ki shiga ɗaya daga cikin azuzuwan koyo.

Sai abinci, kuma a nan dole ki yi hattara, domin girkin Istoniya na lokacin sanyi ya ginu ne a kan naman alade. Ki riƙe waɗannan kalmomi a kan takardar kaya: sealiha naman alade ne, pekk kitsensa ne, sink cinyarsa ce da aka ƙyafe, veri kuma jini ne. Verivorst, wanda za ki gani ko'ina daga Nuwamba zuwa Kirsimeti, tsiran hanji ne da aka cusa wa jini da sha'ir, sült kuma daskararren romon kai da ƙafar alade ne, duka biyun ba naki ba ne. Mulgipuder, faten dankalin Turawa da sha'ir wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2024, shi kansa ba nama a ciki, amma bisa al'ada ana zuba masa soyayyen kitsen alade da albasa a kai, haka ma kabeji mai tsami yawanci da alade ake dafa shi. Tsiran naman daji, ko an rubuta na barewa ne, sau da yawa ana haɗa shi da kitsen alade. Gasasshiyar dinya, babbar tsuntsuwar nan dangin agwagwa wadda ake dangantawa da wannan rana, al'ada ce da ta shigo daga gidajen Jamusawa, kuma batun yanka yana nan a kanta kamar yadda yake a kan naman sa da na rago.

Abin da ya rage miki yana da yawa, kuma shi ne ma ginshiƙin abincin manoman. Na farko baƙin burodi, leib, wanda ake yi da garin rukis, wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi, a bar ƙullun ya yi tsami da kansa ba tare da yis na kanti ba. Yana da nauyi da ɗan tsami da ɗan zaƙi, yana kwana da yawa bai lalace ba, kuma girmansa a wurinsu ya kai cewa a da idan ya faɗi ƙasa sai a ɗauka a sumbace shi. Ki tambaya dai kafin ki saya, domin wasu masu gashi suna sa gutsattsarin kitse ko nama a cikin wani nau'in. Akwai karask, burodin sha'ir da ake kwaɓawa da nono. Akwai kama, garin soyayyen sha'ir da rukis da wake da wasu hatsi, wanda ake damawa da nono mai tsami a sa sukari ko zuma, ba a dafawa, kuma yana da sauƙin ɗauka a jaka. Akwai sõir na mutanen Võru da Seto, cuku mai laushi da ake dafawa daga madara da daskararren nono da ƙwai da man shanu da 'ya'yan wani ganye mai ƙamshi. Kifi kuwa ki ci ki more: ƙyafaffen kifin teku, da räim wanda aka zaɓa kifin ƙasa a 2007, da ƙananan kilu da ake jiƙawa da gishiri da kayan yaji a ɗora a kan baƙin burodi da dafaffen ƙwai da albasa. Za ki samu zuma, da matsattsen 'ya'yan itatuwan daji, da albasar gaɓar tafkin Peipsi wadda zuriyar wasu Rashawa masu tsohuwar aƙidar coci suke nomawa tun da kakanninsu suka gudo can.

A wajen abin sha, koduõlu giyar gida ce ta tsibirai, hõõgvein kuma giyar inabi ce mai zafi da kayan ƙamshi, wadda akan yi irinta marar barasa da ruwan 'ya'yan itace, sai ki nemi wadda aka rubuta wa alkoholivaba. Kali, wanda ake yi da burodi ko tsiron hatsi, ana ɗaukarsa abin shan kowa har yara, amma tun da tsimawa ake yi yakan ɗauki ɗan barasa, musamman na gida, don haka shawarata ki bar shi ki sha shayin ganyaye da zuma. Alewa da cakulan ma ki karanta takardarsu, domin wasu ana cusa musu barasar Vana Tallinn, wasu kuma suna da želatiin wanda galibi daga alade ake samo shi. Masu rumfa da yawa, musamman matasa, suna jin Turanci, kuma sun saba da tambayar abin da aka sa a cikin abinci.